Me ya sa hular kwano ke ruɗa ni wajen gane inda hon yake fitowa?

Tambaya: Ni ɗan acaba ne a Tudun Wada, Zariya. Idan na sa hular kwano aka danna hon, ina gane dama ko hagu, amma gaba da baya suna rikice mini. Shin siffar kai da kunne na da hannu a ciki, kuma ana iya auna abin?

Amsa: Malam, suna da hannu ƙwarai, sai dai aikin kowanne daban.

Dama da hagu aikin kai ne. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa, saboda haka wanda ya taso daga dama yakan riga isa kunnen dama. Wannan ana iya lissafa shi da tef ɗin tela. Mai sa hula lamba 22, kewayen kansa wajen santimita 55 ne, sautin da ya zo ta gefe zai ƙara tafiyar santimita 22 kafin ya zagayo ɗaya kunnen. Jinkirin bai kai kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, amma ƙwaƙwalwa na kama shi. Kai kuma yana tare siririn sauti, ya isa kunnen nesa a raunane. Masanin kimiyyar Ingila Lord Rayleigh ya bayyana waɗannan biyun tun 1907.

Gaba, baya da sama kuwa, nan ne fatar kunne take aiki, kuma nan ne matsalarka. Lanƙwashe-lanƙwashenta na ƙara wa wasu siraran sautuka ƙarfi, su danne wasu, gwargwadon inda suka fito. Na kowa daban ne, tef ba ya isa. Sai an sa ƙaramin makirfo a ramin kunne, a ɗakin da ba ya amsa-kuwwa, a saki sauti daga kusurwoyi da yawa. A 1998 masu bincike a Nijmegen ta ƙasar Holan suka cike lanƙwasar kunnuwan mutane da roba: nan take gane sama da ƙasa ya ɓace, dama da hagu bai taɓu ba. Cikin 'yan makonni ƙwaƙwalwarsu ta koyi sabon kunnen.

Hular kwano ta rufe fatar nan. Don Allah kada ka cire ta saboda wannan, ranka ya fi. Ka gyara madubanka, kuma in ka ji hon ka ɗan karkata kai kaɗan, domin juyawar na mayar da gaba da baya su zama bambancin dama da hagu. In kuma ba hula ma kana ruɗewa, je asibitin koyarwa na Shika a auna jin kowane kunne.