Tambaya da Amsa: 'Yata ta dage sai karatun injiniya

Tambaya: 'Yata tana aji biyu na babbar sakandare, kuma ta dage cewa injiniyan lantarki take son karantawa, amma dangi sun sa ni gaba, wai aikin maza ne, in karkatar da ita zuwa likita ko jinya. Ina mafita?
Wani uba daga Gusau

Amsa: Malam, kafin ka saurari dangi, ka fara duba sakamakon jarrabawarta. Jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano suna neman kiredit biyar da suka haɗa da Turanci, lissafi, fiziks da kimistiri, kuma waɗannan huɗun ne za ta rubuta a JAMB. A nan ake rasa 'yan mata da yawa, domin yarinya kan shiga ajin kimiyya a makarantar da babu tsayayyen malamin fiziks, ta kai shekarar ƙarshe ba ta taɓa haɗa wayar lantarki da batir da hannunta ba, sannan a ce ba ta da kai. Idan makarantar 'yarka haka take, ka nema mata malamin ƙari tun yanzu.

Karatun shekara biyar ne, kuma a aji huɗu ana tura ɗalibi horon aiki na wata shida, wanda ake kira SIWES. Wurin da iyaye suka fi ɗar-ɗar ke nan, kuma ban ga laifinsu ba, sai dai ɗalibi yakan nemi wurin da kansa, saboda haka kuna iya zaɓar kamfanin rarraba wuta ko ma'aikatar ayyuka a garin da take da masauki. A ɗakin gwaji kuwa, dogon hijabi kusa da injin da ke juyawa haɗari ne, don haka ɗalibai mata kan sa gajere su cusa shi cikin rigar aiki, suturarsu a cike.

Maganar aikin maza kuma, ka gaya wa dangi cewa ƙungiyar injiniyoyi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1958, ta rantsar da mace ta farko, Margaret Oguntala, a matsayin shugabarta a 2024. Akwai kuma ƙungiyar mata injiniyoyi, APWEN, mai rassa a jihohi da dama; ka nemi reshe mafi kusa ka kai 'yarka ta zauna da ɗaya daga cikinsu, ta yi tambayoyinta da bakinta.