Tambaya da Amsa: Yaya Ake Gwada Bututun Gas Kafin A Saki Gas A Cikinsa?

Tambaya: Ni mai walda ne a Kaduna. Na ji cewa bututun gas irin na Ajaokuta zuwa Kano sai an cika shi da ruwa kafin a saki gas a ciki. Me ya sa ruwa, kuma idan bai fashe a lokacin ba, an gama ke nan?

Amsa: Malam mai walda, dalilin zaɓar ruwa shi ne ruwa ba ya matsuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba, saboda haka idan bututu ya tsage yana cike da ruwa, matsin kan faɗi nan take ba tare da mummunar ɓarna ba. Iska da gas kuwa suna matsuwa ƙwarai, kuma ƙarfin da suka tara shi ke watsa ƙarfe idan ya sami mafita. Akan kai matsin ruwan sama da wanda bututun zai yi aiki da shi, galibi da kashi 25 cikin ɗari ko fiye, a bar shi na tsawon sa'o'i ana lura da ma'auni. Haka ake yi wa tukunyar gas da tankunan masana'antu.

Sai dai wannan gwaji shaida ce ta ranar da aka yi shi kawai, kuma a ganina tambayar da ta fi nauyi ita ce: idan tsaga ta soma, ƙarfen zai tsayar da ita ko zai bar ta ta zarce? Akwai ƙarfen da ke lanƙwasawa ya miƙe kafin ya karye, akwai wanda ke darewa kamar tangaran, kuma ƙarfe ɗaya na iya nuna halin biyu gwargwadon sanyin da yake ciki. A watan Janairun 1943 jirgin dakon mai mai suna Schenectady ya rabe biyu yana tsaye a tashar Portland ta Amurka, cikin sanyi, babu hadari babu igiyar ruwa. Binciken Constance Tipper, masaniyar ƙarafa a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ya nuna cewa irin ƙarfen jiragen wancan zamani na rasa juriyarsa idan sanyi ya kai wani mataki.

Don auna wannan juriya ake yin gwajin Charpy, wanda ya samo suna daga wani Bafaranshe da ya gabatar da shi a 1901. Akan yanko ɗan guntun ƙarfe mai tsawon milimita 55, a yi masa tsaga mai zurfin milimita 2, a sanyaya shi, sannan a saki guduma mai lilo ta karya shi, a auna ƙarfin da ya shanye kafin ya karye. A bututun gas lamarin ya fi tsanani, domin tsaga a ƙarfe maras juriya na iya gudu fiye da saurin da gas ke ficewa, sai matsi ya ci gaba da ingiza ta gaba har tsawon kilomitoci.

Wurin walda, wato fagenka, shi ne inda aibi ya fi ɓuya, shi ya sa ake duba kowace mahaɗa da hoton ekis-re ko na'urar da ke aika sauti cikin ƙarfe. A San Bruno ta jihar Kalifoniya, bututun da aka binne a 1956 ya fashe a watan Satumban 2010, mutum 8 suka rasu, kuma masu bincike sun gano waldar da ba ta ratsa kaurin ƙarfen ba. Bututun Ajaokuta mai tsawon kilomita 614 zai buƙaci kulawa ta tsawon rayuwarsa: fenti mai kauri da ɗan lantarki don hana tsatsa, da na'urar da ake zurawa ta bi cikinsa lokaci zuwa lokaci tana auna inda ƙarfe ya zaizaye.