Ta yaya sashe ɗaya na zuciya zai gaza alhali sauran na aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. An yi wa mahaifina hoton zuciya na eko bayan ya yi fama da ciwon ƙirji. Aka ce bangon gaba na zuciyarsa ba ya motsi yadda ya kamata, amma sauran sassan lafiya lau. Ni a sanina zuciya tsoka ɗaya ce, to ta yaya wani sashe zai gaza shi kaɗai? Kuma da gaske ne a jikin karnuka aka gano haka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya.

Ko a jikin mai ƙoshin lafiya, zuciya ba ta matsewa bai ɗaya. A 1969 Daniel Streeter da abokan aikinsa a Amurka sun yanka bangon babban ɗakin hagu na zuciyar kare (wanda ke tura jini zuwa jiki) sala-sala, suka auna yadda zaruruwan tsokar suke kwance. Na ciki sun karkata kusan digiri 60 zuwa gefe guda, na tsakiya sun kewaye ɗakin, na waje kuma sun karkata kusan digiri 60 zuwa ɗaya gefen. Shi ya sa in zuciya ta buga, tsininta yake juyawa ta nan, samanta ya juya ta can, kamar yadda ake murɗe wanki. Kowane zare gajarcewarsa ba ta wuce kusan kashi 15 cikin ɗari, amma saboda wannan murɗewar ɗakin yakan fitar da fiye da rabin jinin da ke cikinsa.

Aikin kuma ba daidai aka raba shi ba. Shimfiɗar ciki ta bangon zuciya ta fi shan wahala, ita ce aka fi matsewa, kuma galibi sai zuciya ta saki sannan jini yake samun isa gare ta.

Batun karnuka gaskiya ne. A 1935, a birnin Kilibland na Amurka, Robert Tennant da Carl Wiggers sun ɗaure ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke kai wa zuciyar kare jini. Cikin kusan minti ɗaya sashen da jijiyar ke ciyarwa ya daina matsewa. Abin bai tsaya nan ba: duk lokacin da sauran tsokar ta matse, sai wannan sashen ya bultso waje, domin matsin da ke cikin ɗakin ya fi ƙarfinsa. Kowace jijiya da yankinta, kuma bangon gaba da aka ambata a hoton Baba yawanci jijiyar da ke gangarowa ta gaban zuciya ce ke shayar da shi.

Daga baya masu bincike suka riƙa dasa 'yan ƙananan na'urori bibbiyu a cikin tsokar, ɗaya na aika sauti ɗaya na karɓa, ana auna tazarar da ke tsakaninsu a kowane bugu. A 1975 Guy Heyndrickx da abokansa sun toshe jijiya na minti 5 ko 15 kacal a karnukan da ke farke, suka sake ta. Jini ya dawo, tsokar ba ta mutu ba, amma ta yi sa'o'i kafin ƙarfinta ya komo. Suma ta yi, ke nan. A 1977 kuma Keith Reimer da Robert Jennings suka nuna cewa in toshewar ta daɗe, mutuwar tsoka daga shimfiɗar ciki take farawa, ta riƙa cin bango zuwa waje. Bayan minti 40 akwai tsoka mai yawa da za a ceto, bayan sa'a 6 kuwa saura kaɗan. A ganina wannan gwajin ya fi duk sauran amfani ga maras lafiya, don a kansa aka gina gaggawar buɗe jijiyar da ta toshe.

Sai dai kare ba mutum ba ne. Zuciyarsa na da ƙananan jijiyoyin ratse da ke kai ɗauki in babba ta toshe, na alade kuwa ba su da yawa, shi ya sa ake yawan komawa kan alade in ana son kwatanta toshewar farat ɗaya. Saboda haka kada a ɗauki waɗancan sa'o'in a matsayin ƙa'idar da ba ta canzawa.

Raunin zuciyar da muka fi gani a asibitocinmu, na hawan jini da wanda ke kama mata bayan haihuwa, yawanci duka ɗakin yake shafa. In sashe ɗaya ne ya tsaya, jijiya muke fara zargi. Hoto guda ba ya tabbatar da ko tsokar Baba ta mutu ko suma ta yi. Ka tambayi likitansa ko bangon ya sirance, domin wanda kaurinsa ya gaza milimita 6 galibi ya riga ya zama tabo. Ka kuma tambayi yaushe za a maimaita hoton, da ko akwai buƙatar a duba jijiyoyin kansu. Kada ya bar magungunansa, kuma in ciwon ƙirjin ya dawo, a kai shi asibiti nan take ko da tsakar dare ne.