Amsa ga ɗan uwan da saunarsa ba ta yin zafi da wuri

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na ga tambayarka kan saunar (ɗakin zafin nan na gasa jiki) gidan da kuka koma a Vantaa a nan ƙasar Finland, kace sai ta yi sama da awa biyu a kunne amma allurar ma'aunin zafi ba ta wuce digiri 50, mai gidan kuma yace lafiyarta lau, har ka fara tunanin sayen sabuwar hita da kuɗin aljihunka. Don Allah kar ka saya, ka riƙe kuɗinka tukuna. Wallahi ina karantawa raina yana ƙara ɓaci, don wannan "lafiyarta lau" ɗin ita aka yi ta gaya mana a gidan da muka zauna a Tampere har sai da na fara zargin kaina ko ni ne ban iya kunna abu ba.

Abin da zaka yi yau da daddare kafin komai, tun hitar tana sanyi ka ɗauke duwatsun sama kaɗan yadda zaka iya hango ƙarafunan ciki, sai ka murɗa tamostat, wato maɓallin saita zafi, har ƙarshe, ka kunna, ka kashe fitilar ɗakin ka jira kamar minti goma. Ka leƙa ka ƙirga elimen, wato ƙarafunan nan masu ba da zafi, nawa ne suka yi ja. Yawancin hitocin da ke gidajen benen nan kilowat 6 ne, elimen uku ne a ciki, kowanne kilowat 2, kuma kowanne da layin wutarsa da fiyus ɗinsa. In ɗaya ya mutu sauran biyun ba ruwansu, zasu ci gaba da aiki, hita zata yi zafi in ka kai hannu, dutse zai yi ƙara in ka zuba ruwa, kowa ya kalla yace ai tana aiki, alhali kilowat 4 kawai kake samu. In biyu suka mutu kuwa sai dai ɗumi. Ni na fi zargin nan a matsalarka, don daidai alamun da muka gani kenan.

Mu abin ya same mu ne a mafi munin lokaci. Maiɗakina ta haihu cikin hunturu, surukata ta zo daga Zariya zaman jego, baiwar Allah ba ta taɓa ganin sanyi irin wannan ba, ga ciwon gwiwa, ga duhu tun ƙarfe uku da rabi na yamma. Tun kafin ta zo nake ta cika baki a waya cewa Hajiya kar ki damu akwai ɗakin zafi a cikin gidan, in kin shiga sai kin roƙa a fito da ke. Ranar farko na kunna tun bayan la'asar, muka yi magariba, muka yi isha'i, allura na nan wajen 48 ta ƙi motsi. Ta shiga ta zauna ta zauna, ta fito ta cewa 'yarta, ba ni ba don ba ta yi mini magana kai tsaye, wai ranar Sakkwato a watan Afrilu ta fi wannan ɗakin naku zafi, kuma ita kyauta ce. Ina falo ina ji. Kun san kunyar suruka, da ƙasa zata tsage a ranar da na shige. Kuma ba ta sake shiga ba, sai dai a dafa mata ruwa a tukunya tana gasa gwiwa da tawul, a gidan da nake biyan haya har da kuɗin sauna a ciki.

Na kira huolto, masu kula da ginin. Mutumin da suka turo har yau in na tuna fuskarsa sai naji wani abu ya tokare mini wuya. Ko jakar kayan aiki bai shigo da ita ba. Ya murɗa taima, ya tsaya yana danna waya, bayan 'yan mintuna ya ɗora hannu sama da duwatsun yace ga zafi nan. Nace masa na san akwai zafi, ba ya kaiwa ne. Sai ya fara yi mini magana a hankali a hankali kamar yana koyar da yaro, wai sauna tana son haƙuri, wai in tabbatar na rufe ƙofa, har da kama ƙofar ya buɗe ya rufe ya nuna mini yadda ake yi. Ni. A gaban matata. Na nuna masa hoton allurar da na ɗauka bayan awa biyu, ya ɗaga kafaɗa yace ƙila ma'aunin bangon ne ya lalace. Bai leƙa cikin hitar ba, bai buɗe akwatin fiyus ba wanda yake nan a bakin ƙofa ya wuce ta gabansa shigowa da fita. Abin da ya gani kawai baƙin mutum ne da bai san sauna ba, shikenan ya gama yanke hukunci tun daga matakala. Sai ga takarda ta biyo baya wai in biya kuɗin kiran banza tunda ba a samu matsala ba. Kai jama'a. Kuɗin ba shi ya fi ƙona mini rai ba, kalmar ce, kiran banza, bayan tsohuwa tana kwana da ciwon gwiwa. Na rubuta musu ban biya ba kuma ba zan biya ba, suka sake turowa, na sake mayarwa, haka muka yi ta yi. Shi kuma mai gidan da na kira sai yace ai huolto sun ce lafiya lau, shi me zai yi.

Wani dattijo ɗan ƙasar da muke aiki tare ne ya cece ni, ina ba shi labari a wajen shan kofi ya katse ni yace elimen nawa ne suke ja. Na dawo na duba, biyu. Na tsakiya baƙi ƙirin.

To daga nan sai akwatin fiyus. In gidanku tsoho ne irin namu zaka ga fiyus na farin tangaran da ake murɗawa, kowanne da ɗan ɗigo mai launi a tsakiya, ja amfiya 10 ne, ruwan toka 16. In fiyus ya ƙone ɗigon nan yana faɗowa ko ya saki. Hita mai kilowat 6 uku take da su na amfiya 10, an rubuta kiuas, wato hitar sauna da yarensu, a gefensu, mai kilowat 8 ko 9 kuma na 16. In sabon gini ne maɓallai ne kawai, ka ga ko ɗaya ya sauka. Canza fiyus kai ma zaka iya, doka ta yarda, ka kashe babban maɓallin gidan tukuna, ka sa mai lamba ɗaya da wanda ka cire. Namu ɗaya ya ƙone, na sa sabo, ina kunna hita ya sake ƙonewa. In haka ta faru da kai ka tsaya nan, kar ka sake sa wani, elimen ɗin ne ya fashe yake haɗa wuta. Kuma don girman Allah kar wani ya ce maka ka sa mai babbar lamba ko ka naɗa waya irin yadda ake yi a gida, wutar layi uku ce volt 400, ɗakin katako ne, kuma akwai mutane sama da ƙasanka.

Na ɗauki bidiyo cikin duhu, elimen biyu ja ɗaya baƙi, na haɗa da hoton fiyus, na tura wa mai gidan ta imel. Ka lura, imel, ba kira ba. Mutanen nan abin da aka faɗa da baki kamar ba a faɗa ba ne, amma in a rubuce yake da kwanan wata sai kaga jiki na rawa. Ka rubuta musu cewa vastus ɗaya, wato elimen da yarensu, ba ya aiki, kana son a turo mai lasisin gyaran wuta. Wanda aka turo mana bai yi minti goma sha biyar ba ya gano, ya cire wuta ya sa mita, biyu suka nuna om 26 wanda shine daidai ga elimen mai kilowat 2, na ukun ya fashe a ƙasa har ana gani da ido. Na so a ce ɗan huolto ɗin nan yana tsaye a wajen. Takardar kuɗinsu dai daga ranar ban sake ganinta ba, kuma ba wanda ya ce mini yi haƙuri, ko a rubuce.

Kar ka buɗe ƙasan hitar da kanka ko da ka iya aikin wuta a gida, na san akwai masu hannu a zauren nan. A nan haɗa hitar sauna da canza elimen aikin mai lasisi ne, in wani abu ya faru inshora zasu fara tambayar wa ya taɓa. Kuma tunda haya kake, hita ta mai gida ce, shi zai biya gyara. Duwatsu ne kawai wasu masu gidan suke ɗora wa ɗan haya, wannan ka duba takardar hayarka.

Maganar duwatsu ma, ko da ka ga ukun duk sun yi ja kar ka ce shikenan. Da aka kwashe namu abin da ke ƙasa ba dutse ba ne kuma, tsakuwa ce da gari, sun cushe tsakanin ƙarafunan har sun lanƙwasa su, ina jin tun da aka sa hitar ba wanda ya taɓa su. Mai gyaran yace su suka kashe elimen ɗin. Hita da iska take aiki, iska mai sanyi ta shiga ta ƙasa ta ratsa tsakanin duwatsu ta fito sama da zafi. In hanya ta toshe zafin sai ya taru a cikin hitar, tamostat yaji kamar an kai, ya yanke wuta, ɗaki kuwa bai yi zafi ba, ya jira ya sake kunnawa ya sake yankewa. In kana jin hitar tana ƙas ƙas tana ɗaukewa tun allura na 45 ko 50 to ka zargi wannan. Masu ƙera hitocin da kansu sun ce a sake jera duwatsu aƙalla sau ɗaya a shekara. Kwali ɗaya kilo 20 ne, yana isar ƙaramar hitar bango, akwai a shagunan K-Rauta da Motonet da Tokmanni, ba tsada. Ka ɗauki masu girman santimita 5 zuwa 10, ka wanke ƙurar, manya a ƙasa, ka jera su sakwa-sakwa kar ka danna, kar ka cusa dutse da ƙarfi tsakanin elimen, a ƙarshe su rufe ƙarfen gaba ɗaya amma ba tulin dutse ba. Kuma ka gaya wa iyali a daina kwara ruwa da bokiti, ludayi ɗaya biyu ya isa.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai ma kuɗin wuta. Hitar da ya kamata ta kai cikin awa ɗaya ta fara hutawa, ita tamu awa uku tana ja ba tsayawa kuma ba a ci moriyar komai ba. Waɗanda suke biyan wuta kan farashin kasuwa mai hawa da sauka sun tuna 5 ga Janairun 2024 da wuta ta kai yuro 2.35 kowane kilowat a awa da yamma, ranar Juma'a ce ma. Tun daga lokacin ni ba na kunna sauna sai na duba farashi a waya, maiɗakina har tsiya take mini wai na zama ɗan ƙasa. Kai ma in kwantiraginka irin wannan ne ka daina barinta awa biyu kana gwaji, minti goman nan na ƙirga elimen ya ishe ka.

Af, taima. Ka duba da kyau, irin ta murɗawar nan kashi biyu ce, lambobin farko 1 zuwa 4 su ne kunnawa nan take, in ka zarce zuwa na gaba wannan jira ne, hitar ba zata fara ba sai awannin sun sauko. Akwai wanda na sani ya murɗa har ƙarshe wai don ta fi zafi. Ba na jin ita ce matsalarka tunda kace tana kai 50, amma ka duba. Shi ma ɗan maɓallin kariyar zafi da wasu zasu ce ka danna, in shi ne ya faɗa hitar ba zata yi ɗumi ko kaɗan ba, don haka ba shi ba ne.

Sai iska. Ramin da ke sama a silin ko saman bango, in a buɗe yake sosai duk zafin da hita ta yi nan yake bi ya fita, musamman in an ƙure fankar kicin don a gidaje da yawa ita ke jan iskar gidan duka har da banɗaki, mu kuma ga suya ga daddawa kullum fanka a ƙure take. In ramin saman irin mai marfin turawa ne ka rufe shi lokacin da take ɗaukar zafi, ka buɗe bayan an gama don ɗakin ya bushe. Amma kar ka toshe na ƙasa ko tazarar ƙarƙashin ƙofa da tsumma.

In duk wannan lafiya ne to sai a zo maganar ko hitar ta yi wa ɗakin kaɗan. Ka auna tsawo da faɗi da tsayi ka ninka, kusan kilowat 1 ake so ga kowace mita kubik, kuma duk mita ɗaya murabba'i ta gilas ko tayil ko bulo da ba a rufe da katako ba sai ka ƙara mita kubik 1.2 a lissafin girman ɗakin. Masu gida suna son yin kwaskwarima su sa bangon gilas don hoto ya yi kyau a talla su bar tsohuwar hita mai kilowat 4.5 a wajen. In haka ne ma ba kai zaka saya ba, shi zai saya. Ƙarfin hitar yana rubuce a ɗan faranti a gefe ko ƙasanta.

Mu bayan an canza elimen da duwatsu, ƙasa da awa ɗaya take kai 75 zuwa 80. Hajiya dai ta riga ta koma kafin a gyara, har yau in an yi waya sai ta tambayi 'yarta ya ɗakin sanyinku.

Kuma tunda ana maganar, 'yan uwa masu shanya kaya a sauna da masu ajiye buhun shinkafa da akwatuna a ciki, ku ji tsoron Allah ku daina, yaro ɗaya ya murɗa taima an gama. In ba kwa amfani da ita ku cire fiyus ɗinta gaba ɗaya. Kai kuma ɗan uwa in ka duba yau ka turo mana hoton cikin duhun da na farantin, ka faɗi girman ɗakin da ko ƙofar gilas ce, in kana son a taya ka rubuta imel ɗin da yarensu ka yi mini magana ta gefe, nawa yana nan ban goge ba.