Tambaya da Amsa: Wane littafi zan riƙe kafin in shiga kogin Yukon da kwalekwale?

Tambaya: Salam Malam, ni ɗalibi ne a Kanada, ni da abokaina uku muna son mu tuƙa kwalekwale daga Whitehorse zuwa Dawson a hutun bazara, wani ya ce wayarmu ta ishe mu ba sai mun sayi littafin jagora ba, gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Wallahi kar ku ji ta tasa, tafiyar nan ta haura kilomita 700 kuma da kun bar Whitehorse sabis ɗin waya ya tafi kenan, sai dai ku ɗan samu a garin Carmacks da ke kan hanya, to wa za ku tambaya a tsakiyar daji?

Littafin da nake so ku nema ba irin mai hotuna da labarin masu neman zinariya na 1898 ba ne, wannan na karatun gida ne. Ku nemi wanda aka rubuta kan wannan kogin kaɗai, wanda kowane shafi taswirar wani yanki ne, ya nuna tsibirai da inda ake kafa tanti da inda rafi ke shigowa, don bayan kogin White River ya haɗu da Yukon ruwan sai ya koma kamar kunu saboda laka, na sha sai ku nemo a ƙananan rafuka ku tace.

Ku buɗe shafin tafkin Laberge, wanda kogin ke ratsawa, tun a shago. Tsawonsa kusan kilomita 50 ne, iska na tashi ba sallama, ruwan ga sanyi kamar ƙanƙara, littafin kirki zai ce ku bi gefen gaɓa kar ku ratsa tsakiya. Haka Five Finger Rapids, inda ruwa ke gudu da ƙarfi tsakanin manyan duwatsu, ta hannun dama ake wucewa. In bai faɗi waɗannan biyun ba ku ajiye masa abinsa.

Sannan ku duba shekarar bugu, yashi na sauya wuri, inda aka kwana shekara goma baya ƙila yanzu ruwa ya cinye. Ku sayi kwafi biyu, kowane kwalekwale da nasa cikin leda mai zif, kar a ce ɗaya ya kife da shi kun rasa hanya.

Ni dai abin da ya fi damuna rigar ruwa mai hana nutsewa, don Allah kowa ya sa tasa ya ɗaure, ba a ajiye ta ƙarƙashin kaya ba. Kuma ku bar wa wani a gari ranar da kuke sa ran isa Dawson.