Labarin zuciya a tambayi fuska: karin magana ne ko kimiyya?

Wani ɗalibi daga Zariya ya aiko da tambaya mai rassa biyu. Ya ce a makaranta ana kiran saikoloji "ilimin halayyar ɗan Adam", alhali malaminsu ya ce asalin kalmar a Girkanci nazarin rai take nufi, to wanne ne daidai? Sannan ya ce tunda Bahaushe ya daɗe da cewa "labarin zuciya a tambayi fuska", ashe ba mu riga masu wannan fanni gano hanyarsu ba?

Ɗan'uwa, malaminku ya faɗi gaskiya, amma da an ce "ilimin rai" da an jefa masu sauraro cikin ruɗu. Rai a Hausa shi ne abin da ke fita idan mutum ya cika, ko da yake muna cewa "raina ya ɓaci". Kurwa ita ce abin da ake cewa maye yana kamawa, zuciya kuwa tsoka ce a ƙirji kuma mazaunin fushi da so, shi ya sa ake cewa wane ya yi zuciya. Hali daga Larabci muka aro shi, inda yake nufin yanayin da ake ciki, wanda yakan sauya, kuma har yau muna cewa "halin da ƙasa ke ciki". Sai Bahaushe ya ƙara masa ma'anar ɗabi'ar da ba ta kankaruwa, har ya ce hali zanen dutse.

Zaɓen "halayya" yana da nasaba da wata tsohuwar gardama. A 1786 masanin falsafa na Jamus, Immanuel Kant, ya ce nazarin abin da ke cikin ran mutum ba zai kai matsayin cikakkiyar kimiyya ba, domin lissafi ba ya kama shi, kuma duban da mutum ke yi wa tunaninsa yana sauya tunanin. Wani masanin Jamus, Wilhelm Wundt, ya buɗe ɗakin gwaji a Jami'ar Leipzig a 1879, inda ake auna abubuwa irin su tsawon lokacin da mutum ke ɗauka kafin ya amsa ƙara ko haske, tare da jin bayanin abin da ya ji a ransa. A 1913 John Watson na Amurka ya ce a bar zancen abin da ke ciki gaba ɗaya, a tsaya kan abin da ido ke gani mutum yana aikatawa. Sunan da muke amfani da shi ya fi dacewa da ra'ayin Watson, alhali tun wajen shekarun 1950 da 1960 fannin ya koma kan tunani da tunawa da harshe.

Karin maganar da ka kawo ta taɓo ainihin matsalar, wato yadda za a san na ciki ta hanyar na waje, amma ba ta warware ta ba. Harshen da ya ce a tambayi fuska shi ne kuma ya tanadi kalmar yaƙe, dariyar da ba ta kai zuci ba, ya kuma san mai fuska biyu. Dubi wani misali da ya fi wannan fitowa fili. Idan yaro ya gaji ubansa a ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, idan ya saɓa masa a ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, idan abokai suka sauya shi a ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Duk yadda yaron ya tashi akwai karin maganar da ke jiran sa, saboda aikinta shi ne ta fassara abin da ya riga ya faru.

Wannan shi ne irin sukar da masanin falsafar kimiyya Karl Popper ya yi wa Sigmund Freud da Alfred Adler, mashahuran masana saikoloji. Ya ce ra'ayoyinsu suna iya bayyana kowace ɗabi'a da kishiyarta, don haka babu abin da zai faru ya ƙaryata su, saɓanin hasashen masanin kimiyya Einstein cewa hasken taurari yana lanƙwasa idan ya ratsa kusa da rana, wanda aka jarraba a husufin rana na 1919 kuma da zai iya faɗuwa. Da wannan ma'auni, ɓangaren saikoloji mai gwaji yana cikin kimiyya, ko da yake ƙafarsa ba ta gama tsayuwa ba. A 2015 wata tawagar masu bincike ta sake maimaita gwaje-gwaje 100 da aka buga a manyan mujallun fannin, sai kusan kashi 36 cikin 100 kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Abin kunya ne, amma a ganina shaida ce cewa fannin yana yarda a kama shi da kuskure, abin da ba a taɓa nema daga karin magana ba.

Akwai kuma tambayar ko wane ɗan Adam ake nufi a cikin sunan. Wani mai bincike, Joseph Henrich, da abokan aikinsa sun nuna a 2010 cewa kusan kashi 96 cikin 100 na waɗanda ake gwaji a kansu a manyan mujallu daga ƙasashen Yamma suke, ƙasashen da ke da kusan kashi 12 na al'ummar duniya. Mai binciken da bai san kunya da kara ba, idan ya ga uwa Bahaushiya ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta kuma yi masa wasa a gaban mutane, zai iya rubuta cewa ba ta ƙaunar sa, ga shi kuwa fuskar ya tambaya. Game da suna, ka ci gaba da cewa "ilimin halayyar ɗan Adam" tunda shi aka sani, amma a rubutun ilimi na fi son "ilimin tunani da halayyar ɗan Adam".