Rubutun EIRE a bakin teku: hasumiyar fitila ce ko alamar jirage?

Malam, ka ce kana zaune a Tudun Wada kana duba taswira a waya, sai ka ga an jera fararen duwatsu "EIRE" da lamba kusa da wani tsohon gini a gaɓar tekun ƙasar Ayalan, kana so ka san ko na jiragen ruwa ne.

A'a, na jiragen sama ne. A Yaƙin Duniya na Biyu ƙasar Ayalan ba ta shiga ɓangaren kowa ba, sai ta kafa wuraren gadi 83 a gaɓarta. Wajen 1943 aka shimfiɗa duwatsun kusa da wuraren gadin, aka rubuta EIRE, wato sunan ƙasar a harshenta, aka shafa musu farar ƙasa, don matuƙi ya san ƙasar 'yan ba-ruwanmu ce ke ƙarƙashinsa. Lambar kuwa ita ke nuna masa daidai inda yake. Abin da ya fi burge ni, rubutun da ke Bray Head, wani tudu a gaɓar gabashin Ayalan, ciyawa ta binne shi shekara da shekaru, sai gobarar daji ta tono shi a 2018.

Inda mutane ke kuskure shi ne ginin. Ba kowace hasumiya ce ta fitila ba. Ta fitila tana haska wa jiragen ruwa hanya da dare. Masu kusurwa huɗu an gina su tun 1804 saboda tsoron harin Faransa, da tutoci suke aika saƙo daga wannan zuwa waccan.

Mu ma yaƙin ya ratsa ta samanmu, jirage na tashi daga Takoradi ta ƙasar Ghana su sauka Kano da Maiduguri, su nufi Masar. In wannan kake son bi, ka leƙa Gidan Arewa ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke nan Kaduna, ma'aikatansu za su nuna maka inda za ka fara.